Sha-Yanzu da Fulogin Mai Wanke Baki

A hawa na biyu na benen 'yan kasuwa, tsakanin shagon Tela da bakin matakala, akwai wani ɗan teburi da ake sayar da caja da gilashin fuskar waya. Mai teburin shi ne Sha-Yanzu. Ko me ka kawo masa, waya ce ta faɗa ruwa, ko kwaɗo ne ya ƙi buɗuwa, ko rediyo ne ya daina magana, kafin ka rufe baki zai miƙo hannu ya ce, "Kawo nan, sha yanzu magani yanzu." Rabin mutanen benen suna da abin da suka kai masa yana ɗingishi, suka karɓo shi a kwance.

Yayan matarsa shi ne Shugaban ƙungiyar benen, wani dattijo mai sayar da tabarau a hawa na ƙasa, mai son girma da fararen kaya. Ƙungiyar tana da bulog, wato shafi a intanet inda kowane mai shago ke sa hoton kayansa, a buga sanarwa, masu saye su yi tambaya a ƙasa. Auta, ƙanwar Shugaba, ita ta gina shi, don sana'arta ke nan, har kamfanoni ke nemanta. To, Auta ta sauka, ta tafi hutun haihuwa, zaɓen ƙungiya kuma ya matso. Mai Fanka na hawa na uku ya fito neman kujerar Shugaba, sai wurin sharhi ya koma filin zage-zage. A sa hoton tabarau, a ƙasa wani ya rubuta ɓarawo. A sa hoton fanka, wani ya rubuta wawa.

Wata rana da hantsi Sha-Yanzu ya leƙa ofishin ƙungiya, ya tarar da Shugaba ya yi tagumi a gaban kwamfuta.

"Yaya, lafiya? Ko idon ne?"

"Ina ma idon ne, ai ina da tabarau. Zo ka karanta abin da ake rubutawa a kaina. Wai man janareta nake kwashewa ina kaiwa gida."

Sha-Yanzu ya karanta, ya yi dariya, ya dafa teburi.

"Wannan ai aikin fulogin ne."

"Aikin wa?"

"Fulogin, Yaya. Wani ɗan ƙari ne da ake rubutawa a jona wa shafi, ya koya masa aikin da bai iya ba. Zan rubuta maka wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Mutum ya rubuta zagi, kafin ya ɗaga yatsa ya koma yabo. Har na raɗa masa suna, Wanke-Baki."

"Kai ka iya wannan?"

"Ni da na koya wa Auta kunna kwamfuta?"

Shugaba ya san ba a yi haka ba, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya tashi ya ba shi kujera, shafin a buɗe.

Kafin azahar labari ya kai wa Auta ta bakin yayarta, matar Sha-Yanzu. Ta kira shi.

"Mijin Yaya, an ce ka shiga gonata."

"Gonar da kika bari ciyawa ta cinye? Ki ji da jariri, ki bar maza su yi aiki."

"To saurara, tunda an riga an ba ka. Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin shafin gaba ɗaya. Kuma kada ka yi gwaji a kan wanda jama'a ke gani. Ka sauke wani a kwamfutarka, ka ɓata shi son ranka, in ya yi kyau sai ka ɗora."

"Wato in yi aski sau biyu a kai ɗaya."

"Tim kuma, wato rigar shafin, kada ka sa mata almakashi. Ka ɗinka 'yar falmaran ka ɗora a kai, duk gyaranka ya tsaya a jikin falmaran. In ba haka ba, ranar da masu rigar suka aiko da sabuwa, aikinka ya bi ruwa."

"Ashe ɗinki kika je kika karanta."

"Fulogin ɗin kuma ya tsaya a kan sharhi kaɗai. Ya kama cikakkiyar kalma, ba guntu ba. Sannan ya canza abin da ido ke gani kawai, kada ya taɓa ainihin rubutun da ke ajiye a rumbun shafin. Kana jina?"

"Ina jin ki, ina kuma jin jariri yana kuka. Je ki."

Ya kashe waya, ya dubi Tela da ke tsaye a ƙofa da tef a wuya. Ya ce, "'Yan boko ke nan. Kafin su sha ruwa sai sun nemi izinin kofi."

Da rigar shafin ya fara, don a cewarsa ba a ɗora sabon inji a motar da ba fenti. Ya buɗe asalin rigar ya sa mata almakashi. Ya mayar da bango ruwan ɗorawa, rubutu ja, sunan ƙungiya yana walƙiya kamar fitilar motar asibiti. A ƙasan kowane shafi ya sa hotonsa da hannu a haɓa, ya rubuta "Ginin Injiniya Sha-Yanzu." Yana cikin haka ya ga wani ɗan waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi, ya ce datti ne, ya goge shi, ya danna ajiyewa. Shafi ya yi fari fat.

Ba a jima ba sai ga Mai Magani, wata mata mai kanti a bakin ƙofar bene, wadda bakinta ya fi allurarta zafi. Ta miƙa masa wayarta.

"Ina shafinmu?"

"Ga shi nan a hannunki, Hajiya."

"Ba komai a ciki."

"Shi ne yayin yanzu. Manyan kamfanoni duk sun koma fari, don ido ya huta."

"Ni ai na ɗauka likkafani ka ɗinka masa."

Auta ce ta shiga shafin ta ƙofar baya da kwamfutarta daga kan gadonta ta mayar da waƙafin, tana yi tana faɗa har jininta ya hau. Likita ya ce ta huta, mijinta ya kwashe kwamfutar da wayarta ya kulle a kabad. Shi kuwa Sha-Yanzu ya bi shago shago yana cewa kallon shafin kawai ya yi ya dawo hayyacinsa.

Washegari wata 'yar jar alama ta fito a gefe, tana cewa akwai sabuwar riga, a sabunta. Sha-Yanzu bai taɓa ganin maɓalli ya wuce shi ba. Ya danna. Ruwan ɗorawa ya tafi, walƙiya ta tafi, hoton Injiniya da haɓarsa suka tafi. Shafi ya koma yadda Auta ta bar shi. Ya fito baranda yana shelar cewa 'yan adawa sun yi kutse.

Mai Fanka ya leƙo daga hawa na uku ya ce, "In mu ne, sai a gode mana."

Daga nan Sha-Yanzu ya ce riga ba komai ba ce, aikin maza yana cikin fulogin. Ya kalli bidiyon koyarwa, kowanne ya tsaya a rabi don ya ce malamin yana da jan magana. Ya tsinto rubutun na'ura daga nan ya tsinto daga can, ya haɗa kamar mai ɗinka tsumma. Sannan ya shirya musayar kalmomi. Ɓarawo ya zama bawan Allah. Wawa ya zama mai hankali. Kare ya zama mutumin kirki. Ƙarya ta zama gaskiya, ya kuma haɗa da karya marar lanƙwasa, tunda mutane ba sa lanƙwasa harafi a waya. Da ya zo kan ɗan iska da 'yar iska da 'yan iska, sai ya ce wahalar me, ai uwarsu ɗaya. Ya sa iska ta zama albarka.

Ya tuna maganar Auta, ya yi tsaki. Ya ce wa Tela, "Wankin da bai shiga cikin zare ba ai jiƙo ne." Ya sake Wanke-Baki a kan komai, sharhi da talla da sanarwa, tsoho da sabo, cikakkiyar kalma da guntunta, ya kuma sa ya riƙa goge asalin rubutun a rumbu yana maye shi da wankakke. Kwafi kuwa, ya ce raggo ne ke ajiye kwafi, gwani ba ya shirin faɗuwa.

Ranar farko abin ya yi kyau har ya ba da tsoro. Babban ɗan kamfen ɗin Mai Fanka ya zauna ya rubuta, "Shugaba ɓarawo ne, 'yan iska ne ke binsa." Ya danna, ya ga an rubuta da sunansa, "Shugaba bawan Allah ne, 'yan albarka ne ke binsa." Ya goge ido ya sake. Ya ƙara da cewa duk mai goyon bayan Shugaba kare ne. Ya fito mutumin kirki. Kafin la'asar Mai Fanka ya sauko ya ci kwalarsa yana tambayarsa nawa aka saye shi, shi kuma yana rantsuwa cewa zagi ya yi, zagi mai kyau ma.

Shugaba ya kira Sha-Yanzu ofis ya ba shi hannu a gaban mutane. Sha-Yanzu ya sa aka buga masa kati mai ɗauke da "Injiniyan Fulogin da Tim," ya ce nan da baɗi ƙasashen waje za su zo saye, kuma ba zai sayar wa kowa ba sai wanda ya gaishe shi da kyau.

Kwana biyu bayan haka Tela ya zo teburinsa da fuska a ɗaure.

"Wane ne Kyamai?"

"Wa?"

"Mata uku sun zo yau wai ɗinkin Kyamai suke so. Duba tallata."

Tela ya rubuta yana da kyawawan riguna. Yanzu tallar tana cewa yana da "kyamai hankalin riguna." Wanke-Baki ya hango wawa a tsakiyar kyawawan, ya shiga ya zaƙulo shi.

Sha-Yanzu ya ce, "To me ka ce musu?"

"Na ce ya ƙare, sai wani mako."

"Ka gani? Na ƙirƙiro maka sabon yayi kana ƙorafi."

Tela bai bar wurin ba sai ga Mai Magani tana haki.

"Kai, na rubuta a sha ƙwaya biyu bayan an karya kumallo. Yanzu wai bayan an gaskiya kumallo. Wani tsoho tun safe bai sha magani ba, yana jiran ya gane. Kuma wannan fa? Allurar cizon mutumin kirki?"

"Hajiya, ai mutumin kirki ma yana cizo in an matsa masa."

"Zan gwada maka yanzu."

Shi kansa Sha-Yanzu bai tsira ba, don gilashinsa mai kare fuskar waya ya zama gilashi mai mutumin kirki fuskar waya. Ya ce sunan kamfanin ne.

Wanda bai yi ƙorafi ba shi ne Mai Fanka. Tallarsa ta koma, "Fankarmu tana ba da albarka mai sanyi dare da rana, ko'ina ka juya ta albarka ce." Tsofaffi suka yi layi tun daga matakala. Wata ta sayi biyu, ɗaya don ɗakinta, ɗaya don shagon ɗanta da ciniki ya tsaya. Mai Fanka ya sauko da kansa ya sayi caja a wurin Sha-Yanzu bai nemi ragi ba.

Sai aka zo kan maganar mai buhu. Maigadin bene ya lura da wani baƙo da ke shawagi, ya yi maza ya buga sanarwa a shafi: "Wani ɓarawo yana zagaya hawa na biyu da buhu, a kula da shi." Abin da ya isa wayoyin mutane shi ne, "Wani bawan Allah yana zagaya hawa na biyu da buhu, a kula da shi."

Aka kuwa kula da shi. Mai Magani ta aika masa da ruwan sanyi. Aka ba shi kujera a inuwa. Da ya tashi tafiya, Tela ya ga buhun ya yi masa nauyi, ya ce haba, bawan Allah, kawo in taya ka. Ya saɓa buhun a kafaɗa ya sauke masa har bakin titi, ya tsayar masa da mota, ya ɗaga masa hannu. Sai da ya koma shago zai yi guga ya ga ba dutsen guga, ba almakashi, ba yadin mutane guda huɗu.

Maigadi ya ce, "Ba na ce a kula da shi ba?"

Tela ya ce, "Mun kula. Har mota na sa shi."

Aka taru a kan Sha-Yanzu. Ya miƙe ya gyara wuyan riga ya ce kowace sabuwar fasaha tana da 'yan ƙurajen haƙori, kuma shi ba ɓarawo ya ƙera ba, fulogin ya ƙera. Shugaba ya shiga tsakani, don zagi ya ɗauke a kansa kwana da kwanaki, barcinsa ya dawo. Ya ce a yi haƙuri a wuce zaɓe tukuna.

Ranar zaɓe aka jera kujeru a farfajiyar bene bayan la'asar. Sha-Yanzu ya ba da shawara a aro majigi a haska shafin a jikin bango, kowa ya ga ci gaban da aka samu a mulkin Yaya. Da safiyar ranar Shugaba ya zauna ya rubuta amsar zargin man janareta, ya zuba hikima da karin magana, ya danna aikawa bai waiwaya ba. Ya sa farar riga da sabon tabarau ya zauna a gaba. Sha-Yanzu ya zauna kusa da majigi da kwamfuta a cinya, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Aka ce Mai Magani ta karanta, don muryarta ba ta buƙatar lasifika. Ta gyara tsayuwa ta fara.

"'Yan uwana masu shaguna. Zancen da ake yaɗawa cewa ina kwashe man janareta ina kaiwa gidana, gaskiya ne."

Shugaba ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wallahi gaskiya ne, gaskiya ce tsagwaronta, kuma duk wanda ya san ni ya san gaskiya ne. Amma ina tuna wa masu yaɗa shi cewa gaskiya fure take ba ta 'ya'ya, kuma ramin gaskiya ƙurarre ne."

Mai Fanka ya miƙe a hankali ya ce, "Jama'a, ni na shirya dogon jawabi, amma na janye. Dattijo ya gama magana."

Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce a yafe masa tunda ya amsa da bakinsa. Wani ya ce a yafe, amma ya dawo da jarkokin. Shugaba ya juyo ya dubi mijin ƙanwarsa.

"Kashe abin nan."

Sha-Yanzu ya kashe Wanke-Baki. Aka sake buɗe shafi. Ba abin da ya motsa, don wankin ya riga ya shiga zare.

"Na ce ka kashe."

"Na kashe, Yaya. Saura ya huce."

"Ya huce? Shayi ne?"

Sha-Yanzu ya miƙe ya ɗaga hannu ya fuskanci taro. "Jama'a, a kwantar da hankali. Wanda ya san hanyar zuwa ya san ta dawowa. Juya shi kawai zan yi, abin da ya tafi dama ya dawo hagu. Sha yanzu magani yanzu."

Tela ya ce, "Ko a jira Auta?"

"Auta a wurin wa ta koya?"

A gaban kowa ya juya musayar. Gaskiya ta koma ƙarya, bawan Allah ya koma ɓarawo, mai hankali wawa, mutumin kirki kare, albarka iska. Ya kunna, ya danna da ɗan yatsa ɗaya yana kallon jama'a, kamar mai yanka kintinkirin buɗe sabon gini.

"Hajiya, bismillah, sake karantawa."

Mai Magani ta karanta. "Zancen da ake yaɗawa cewa ina kwashe man janareta ina kaiwa gidana, ƙarya ne."

Shugaba ya sauke ajiyar zuciya. Sha-Yanzu ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

"Ban gama ba," in ji Mai Magani. "Kowa ya san ni mutum ne mai ƙarya. A kan ƙarya aka rene ni, a kan ƙarya na riƙe ƙungiyar nan, kuma in kun sake zaɓena ba abin da za ku samu a wurina sai ƙarya."

Wani yaron shago ya faɗo daga kan benci. Maigadi ya nuna saman bango, inda taken ƙungiya yake da manyan haruffa tun ranar da aka kafa ta. Yanzu yana cewa, "Ƙarya Dokin Ƙarfe."

Sha-Yanzu ya yi maza ya gangara ƙasa don ya ɓoye taken, sai ya faɗa kan tarihin Shugaba, wanda Auta ta rubuta da hannunta a bara, ta kira yayanta mutumin kirki, mai hankali, bawan Allah mai gaskiya. Ga hotonsa yana murmushi, a ƙasa an rubuta, "Shugabanmu kare ne, wawa, ɓarawo mai ƙarya."

Mai Fanka ya ce, "Ko mu ba mu kai nan ba."

Masu shaguna suka duƙufa kan wayoyinsu. Duk inda mai saye ya taya kaya aka amsa masa da "albarka," yanzu amsar ta koma "iska." Wata mai sayar da jakunkuna ta ce ga wata babbar mai sayenta nan ta rubuto tana tambaya wa ake kira iska. Ta cire takalmi ɗaya ta riƙe.

Sha-Yanzu ya ci gaba da gangarawa, gumi na ɗiga a kan madannai, yana neman wuri ɗaya mai tsabta da zai tsaya. Ya tsaya a kan hoton jariri cikin farin tawul. Sanarwar ƙungiya ce ta taya murna: "Ƙanwar Shugaba ta sauka lafiya. An samu ɗan iska."

Ba a yi dariya ba a wannan karon. Sai wayar Shugaba ta yi ƙara. Ya duba, ya buɗe murya kowa ya ji, ya miƙa wa Sha-Yanzu da hannu biyu kamar mai ba da kyauta.

"Mijin Yaya." Muryar Auta ce, a sanyaye. "Yau aka dawo mini da wayata. Dangin mijina sun turo mini hoto. Me ka kira ɗana?"

"Auta, ai ba ni ba ne, na'ura ce. Kuma kin san yaro in yana da kuzari..."

"Ka ajiye kwafi kafin ka fara?"

"Na ajiye."

"A ina?"

"A kaina."

"A wanne ka gwada kafin ka ɗora?"

"Ai shi gwani..."

"Cire hannunka daga kan kwamfutar. Yaya, in ya sake taɓa ta, a kama shi."

Maigadi ya matso ya ce, "Wannan karon zan faɗa da baki. A kula da shi."

Sha-Yanzu ya ajiye kwamfutar, ya ce zai je ya duba wata waya da ya bari a caji. Ya taka igiyar majigi, majigin ya biyo shi, ya faɗa jikin Tela, mai jakunkuna ta saki takalminta ya same shi a ƙeya. Aka yi zaɓe a gurguje. Mai Fanka ya ci, har da ƙuri'ar wasu da suka ce ba su yarda da zancen man janareta ba, amma ba za su iya zaɓen mutumin da ya ba Sha-Yanzu kujera ba.

Washegari Auta ta zo da jariri a kafaɗa. Ta tumɓuke Wanke-Baki, ta canza kalmar sirri. Tana da tsohon kwafi na kafin ta tafi hutu, ta mayar da duk abin da ya girme shi. Amma tallace-tallace da sharhin da aka yi bayan tafiyarta ba su da kwafi a ko'ina, ga zagi na gaske da yabo na gaske sun cakuɗe, ba mai iya rabewa sai wanda ya rubuta. Hukuncin farko da sabon Shugaba ya yanke shi ne a fito da teburi baranda, Sha-Yanzu ya zauna ya gyara da hannu, kalma kalma, kowa ya zo ya tsaya a kansa ya faɗi abin da ya rubuta tun asali. Auta ta buɗe masa ƙofar gyaran rubutu kaɗai, ta zauna a bayansa tana jijjiga ɗa.

Aka yi layi. Ɗan kamfen ɗin Mai Fanka ne a gaba. Sha-Yanzu ya karanta da ƙarfi, "Mai tabarau ɓarawo ne. Haka ka rubuta, ko bawan Allah?"

Mutumin ya waiwaya, ya ga dattijon mai tabarau tsaye a bayansa cikin layi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Bawan Allah na rubuta. Na'urarka ce ta ɓata."

Na biyu ma haka. Na uku ya rantse bai taɓa kiran kowa kare ba a rayuwarsa. Mai Magani, wadda aka samu wawa a ƙarƙashin sunanta har wuri bakwai, ta ce duk mai hankali ne, a mayar. Kafin rana ta karkata, benen da ya yi wata yana zagin juna ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa zagi ba.

Kafaɗun Sha-Yanzu suka fara tashi. Ya juya ya dubi Auta.

"Kin gani? Ko a kashe yana aiki. Duk ya wanke musu baki. Da kin bar ni na fitar da na biyu..."

Sai layi ya zo kan yayan Auta. Dattijon ya matso, ya gyara tabarau, ya nuna wani sharhi da ke ƙarƙashin tallar caja, da sunansa a jiki. An rubuta, "Mijin ƙanwata wawa ne."

Sha-Yanzu ya yi murmushi ya ɗora yatsu a kan madannai.

"Allah sarki, Yaya. Ashe haka ka ɗauke ni ban sani ba. In mayar da shi mai hankali ko?"

"Bar shi yadda yake," in ji dattijon. "Wannan yau da safe na rubuta shi, bayan an cire fulogin ɗin."